Ƙaramin Turmi

A Samaru turmina bai cika tafin hannu ba,
fari sol, na tangaran,
taɓaryarsa ba ta fi ɗan yatsa ba.
Goggo Tasalla ta gan shi a waya, ta tuntsire:
"Shekara bakwai kana boko, Ɗanlami,
ashe daka suka koya maka?"

Daka nake, Goggo.
Ganye ɗaya na rogonki na bayan Kagarko,
wanda ya yi dabbare-dabbare, rawaya a cikin kore,
ya ƙudundune kamar takardar da aka fasa aikawa.
Na ba shi lamba arba'in da uku,
na kwantar da shi a kula cikin ƙanƙara,
na rungume shi a cinya tun daga tasha.

Ke kin ce rana ce.
Audi mai injin niƙa ya ce rashin taki.
Mama Zigwai ta ce ƙasa ma tana gajiya.
Ni na kife ganyen na duba cikinsa,
sai ga fararen ƙudaje sun tashi
kamar garin alabo ya yi fiffike.

Abin da ke bakinsu ido bai taɓa gani ba.
Sai an daka, an tace,
an wulwula a inji har ruwa ya rabu da tsaki,
a ɗumama a huce, a ɗumama a huce,
sau talatin,
sannan a kashe fitila a jira.

Sau biyu aka ɗauke wuta a wannan dare.
Dakta Bityong ta zaro kuɗin cefanenta
ta aiki maigadi sayen man janareta.

Wajen asuba layin ya fito,
siriri, yana ƙyalli cikin duhu.
Arba'in da uku, akwai.
Arba'in da huɗu, gonar Audi, akwai.
Ta Zigwai, akwai.
Ta tsallaken rafi, akwai,
har ta mutumin Jere da ko sunansa ban riƙe ba.

Na ce, ƙuda mai girman ƙwayar gari,
wa ya biya masa kuɗin mota?

Na buɗe littafin da na zaga da shi gona-gona,
inda na tambayi kowa, ina ka samo iri?
Tasalla ta ba ni.
Wurin Tasalla.
Tasalla, Allah ya saka mata.
Sau goma sha huɗu, da rubutun hannuna.

Ke da ba a taɓa roƙonki kara kin hana ba,
ke da kike ɗaure dami a bayan babur
ki ce, kai, ƙara wannan, hanya da nisa.
Ciwon yana kwance a cikin karan,
ya bi alherinki gida-gida.

Kwana tara ina juya maganar a baki.
Babu injin da ke tace irin wannan.

Da na faɗa, ba ki ce uffan ba.
Kin ɗauki fartanya, kika nufi gona,
kika tuge na farko da kanki.
Saiwar ta fito sirara kamar yatsun kaza.
Muka tara, muka cinna wuta,
hayaƙin ya sa mu duka hawaye,
kowa ya ce hayaƙi ne.

Da damina ta kusa na zo da dami shida,
irin da muka gwada shekara uku bai yamutse ba.
Na ce, Goggo, wannan na gonarki ne kaɗai,
a bari mu ga kaka.

Kin ƙirga, kin ware uku gefe.
"Wanda ya raba ciwo," in ji ki,
"ba shi zai zauna a kan magani ba.
Tayar da babur ɗin.
Ka taho da littafinka, ka sake rubuta sunana."